Katin gwajin ƙwaya a fitsari: abin da yake kamawa da abin da ke wuce shi

Katin roba ne da bai kai tafin hannu ba, a rufe cikin leda mai ƙyalli tare da ɗan ƙunshin da ke tsotse laima. Idan aka zare murfin ƙasansa sai a ga tsinkayen takarda a jere, kowanne da haruffa uku a kansa masu nuna ƙwayar da yake nema a fitsari: THC tabar wiwi, COC hodar iblis, OPI dangin mofin da kodin, AMP amfetamin, BZO dangin baliyan, da sauransu. Kowane tsinke gida guda ne: akwai mai gida biyar, akwai mai goma, akwai mai sha biyu. Akwai kuma wanda aka yi shi a matsayin kofi mai murfi, tsinkayen na manne a jikinsa daga ciki. Yawancinsu daga masana'antun Chaina suke fitowa, musamman na Hangzhou da Guangzhou, sai a buga musu suna daban-daban, amma aikin cikinsu kusan iri ɗaya ne.

Da can sai a asibitin masu taɓin hankali ko ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ake ganinsa. Tun da Buba Marwa ya karɓi hukumar a 2021 ya matsa da kiran a riƙa gwada ɗalibai da ma'aikata da masu neman aure da masu neman muƙami, kasuwar katin ta buɗe. A Kano an sha gwada 'yan takarar ƙananan hukumomi kafin zaɓe, a 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta amince a riƙa gwada ɗaliban manyan makarantu. Yanzu uba yana saya don ɗansa, mai motocin haya don direbobinsa, waliyyi don wanda ya zo neman 'yarsa. Ba abin mamaki ba ne, tunda binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne, daga shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

Kayan aiki ne mai kyau idan aka san iyakarsa. Matsalar ita ce masu sayensa sun fi masu sanin iyakar tasa yawa nesa ba kusa ba.

Kuskuren farko a wajen karatu ake yinsa. Duk wanda ya taɓa yin gwajin ciki ko gwajin maleriya na tsinke ya saba da cewa layi biyu na nufin an samu abin da ake nema. A wannan katin akasin haka ne. Layi biyu, ɗaya a inda aka rubuta C ɗaya a inda aka rubuta T, na nufin ba a ga ƙwayar ba. Layi ɗaya tak a C shi ne alamar akwai ta. Idan kuwa C bai fito ba, ko T ya fito ko bai fito ba, katin ya lalace, sai a jefar a ɗauko wani. Dalilin juyewar yana cikin yadda aka ƙera shi. A bakin tsinken akwai sinadari mai launi wanda aikinsa kama wannan ƙwayar, a layin T kuma an shafa ɗan samfurin ƙwayar. Idan fitsarin ba komai a ciki, sinadarin zai hau takarda hannu sake, ya tarar da samfurin a T ya manne, sai layi ya bayyana. Idan fitsarin na ɗauke da ƙwayar, ita za ta riga ta cike sinadarin tun daga ƙasa, kamar motar da ta cika tun a tasha, ko ta ga fasinja a hanya ba ta tsayawa. Sai T ya zauna fari fat.

Daga nan sai batun layi mai dishi-dishi. Sau da yawa layin AMP ko THC kan fito a kwance, da ƙyar ake ganinsa, na kusa da shi kuma ja wur. Mutane kan ce "ai ya ɗan taɓa, bai sha da yawa ba ne." Babu wannan a ƙa'idar katin. Layi layi ne, komai dusashewarsa, kuma hukuncinsa babu. Katin ba ya auna yawa. Yana da iyaka guda ga kowace ƙwaya, abin da ya haura ta ya kama, abin da bai kai ba ya bari. Iyakar tabar wiwi nanogiram 50 ce a kowace mililita ta fitsari, ta dangin baliyan 300, ta hodar iblis yawanci 300, ta amfetamin 1000 ko 500 gwargwadon kamfani. Waɗannan lambobin suna jikin kwalin ko a takardar da ke ciki, kuma mai shagon da ba zai iya nuna maka su ba, kada ka sayi kayansa.

Yin gwajin ba wuya. Ana buƙatar fitsari kamar mililita 30 a cikin mazubi sabo, busasshe, wanda ba a wanke da omo ko bilic ba. Na farkon safe ya fi, don ya fi kauri. Sai a yaga ledar a lokacin da za a yi aikin, ba tun jiya ba, a tsoma tsinkayen a tsaye na daƙiƙa 10 zuwa 15, kada fitsarin ya wuce layin da aka zana, kada kuma ya taɓa robar. A mayar da murfi, a kwantar da katin a kan tebur, a duba agogo. A minti 5 ake karantawa. Bayan minti 10 duk abin da ya fito ba a aiki da shi, domin takarda na bushewa launi yana yawo, layin da babu shi ɗazu ya bayyana. Wanda ya ajiye kati ya tafi masallaci ya dawo ya karanta, asarar kuɗinsa ya yi. Gara a ɗauki hotonsa da waya daidai minti na biyar, a wuri mai haske.

Zafi shi ne babban abokin gabar katin a ƙasarmu. A jikin ledar an rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 da 30. Shago mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Damagaram a watan Afrilu ya wuce 40, aljihun gaban mota kuwa ya fi haka. Sinadarin da ke kan takardar nau'in furotin ne, zafi yana kashe shi a hankali, kuma ba lallai ne layin C ya tona asirin hakan ba. Saboda haka inda aka sayo katin ya fi sunan kamfanin muhimmanci. A nemi kantin magani mai rajista, mai sanyi, a duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC, a matsa ledar a ji ba ta huje ba. In a firji aka ajiye shi, a bar shi ya huce a ɗaki kafin a buɗe, kuma kada a sa shi a gidan ƙanƙara.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban aibin katin shi ne ba don kasuwarmu aka tsara shi ba.

Gidaje biyar na asali, wato THC, COC, OPI, AMP da PCP (wata ƙwaya mai sa gane-gane), an gaje su ne daga tsarin gwajin ma'aikatan gwamnatin Amurka na ƙarshen shekarun 1980. Da aka ƙara zuwa goma sai aka shigo da irin su MTD da OXY (methadone da oxycodone, masu aiki irin na mofin) da TCA (wasu magungunan ciwon damuwa), su ma don abin da ake sha a can. Mai saye a Kano sai ya ga gida goma ya ɗauka ya tare kowace ƙofa, alhali kusan rabin gidajen suna gadin abin da da wuya ka same shi a majalisar 'yan ƙwaya ta Arewa. Abin da kuma ya fi yawa a hannunsu, bayan wiwi, ba ya cikin jerin.

Tiramol nake nufi. Mutane suna ganin OPI sai su ce ai dangi ɗaya ne da kodin, zai kama. Ba zai kama ba. An gina gidan OPI a kan siffar mofin, don haka yana gane mofin da kodin da hiroyin da maganin ciwo na DF118. Tiramol aikinsa a ƙwaƙwalwa ya yi kama da nasu, amma ginin sinadarinsa daban ne. Yaro zai iya haɗiyar mai lamba 225 da safe, da rana a gwada shi da kati mai gida goma, ya fito da layi biyu daga sama har ƙasa. Sai an ga TRA ko TML a jikin katin sannan ake maganar tiramol. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne idan aka tuna cewa a wancan binciken na 2018 mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa umarnin likita ba, kuma tiramol ne kan gaba. NAFDAC ta yarda da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, likita kuma ba ya wuce 400 a yini. Masu 200 da 225 da 250 duk kayan fasa-ƙwauri ne, ƙwaya biyu kawai sun kai iyakar yini guda ko sun haura ta, kuma daga nan ne jijjiga irin ta farfaɗiya ke farawa.

Ko TRA ɗin ma kasuwa ta fara wuce shi. Da Indiya ta tsaurara fitar da tiramol a 2018, sai 'yan kasuwar suka koma wani haɗi na tapentadol, mai kashe zafi irin tiramol, da carisoprodol, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal 225, a cikin kati mai kama da na tiramol, har masu sha da yawa suna kiransa tiramol. Binciken BBC na Fabrairun 2025 ya bi sawunsa har wani kamfani a Mumbai, Indiya kuma ta haramta haɗin a watan. Gidan TRA ba don tapentadol aka yi shi ba, OPI ma haka. Carisoprodol kuwa mai saki tsoka ne da ke ƙara danne numfashi idan ya haɗu da tapentadol.

A kan kodin katin ya yi abin yabo, da sharaɗi ɗaya. Tun da aka haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 kwalbar ta yi tsada amma ba ta ɓace ba, kuma ita ce ta fi shiga ɗakunan mata. Akwai gida iri biyu da ke kama ta: OPI mai iyaka 2000 da MOP mai iyaka 300. Na 2000 an ɗaga shi ne a Amurka don kada a riƙa kama masu cin burodin da aka barbaɗa wa 'ya'yan furen da ake samo mofin daga gare shi. Mu ba mu da wannan damuwar, don haka na 300 ya fi dacewa da mu, yana ƙara kusan yini guda a kan lokacin da za a iya ganin ta.

BZO rabi da rabi ne. Yana kama diyazefam, wato D5 ko baliyan, sosai da sosai, domin jiki yana juya shi zuwa ainihin sinadarin da aka gina gwajin a kansa, kuma yana daɗewa. Rochi kuwa, wadda ta fi shi ƙarfi kuma ake jefa wa mutane a lemo don a yi musu fashi ko fyaɗe, ƙwayarta miligiram 1 ko 2 ce kawai, abin da ke fita a fitsari kaɗan ne, katin kuma bai iya gane shi da kyau ba. Layi biyu a BZO bai wanke Rochi ba. Wadda ake zargin an sa mata ita a abin sha asibiti za a kai ta da gaggawa a ɗebi fitsari da jini, ba kati za a tsaya nema ba.

Sauran kuwa katin makaho ne a kansu ɗungurungum. Exol, wanda asalinsa maganin karkarwar jiki ne da ake haɗa wa masu shan maganin taɓin hankali. Allurar penta. Pregabalin, sai dai in an sayi tsinkensa daban mai PGB. Kolos, wadda ganye ne da aka fesa wa sinadarin da ke kwaikwayon wiwi, gidan THC bai san ta ba ko kaɗan, alhali ta fi wiwi haukatarwa. Sai sholisho da fetur da sukudai da zaƙami da gadagi. A nan ido da hanci sun fi kati aiki. Mai Exol ko zaƙami bakinsa a bushe yake ƙamas, baƙin idonsa ya buɗe, fatarsa da zafi ba gumi, fitsari yana masa wuya, yana kama abin da babu shi a iska. Mai kodin ko tiramol baƙin idonsa kan tsuke kamar kan allura, ga gyangyaɗi a tsakiyar magana, ga soshe-soshe, ga bayan gida da ke ɗaurewa kwana da kwanaki. Mai sholisho warin yana jikin rigarsa, da ƙuraje a kewayen hanci da baki. Mai penta a duba cinya da damtse: fatar kan taurare kamar itace, da gyambon da ba ya warkewa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Kodin kwana 1 zuwa 3 ake ganin ta. Tiramol, hodar iblis da ais, wato methamphetamine, kamar kwana 2 zuwa 4. Wiwi ga wanda ya busa sau ɗaya kwana 3 ne ko kusa da haka, amma ga wanda ya mayar da ita abincin kullum tana iya kaiwa wata guda, saboda tana laɓewa a cikin kitsen jiki tana fita a hankali. Diyazefam ga mai sha kullum yakan kai makonni. Ma'anar wannan ita ce gwajin da aka sanar da ranarsa tun mako biyu, kamar yadda ake yi wa angwaye da 'yan takara, ba ya kama kowa sai wanda ya kasa haƙurin kwana biyar da tsohon mashayin wiwi da kuma mai shan diyazefam kullum. A ɗaya gefen kuma, wanda ya tuba ya bar wiwi mako uku da suka wuce zai iya fitowa da layi ɗaya a ce masa maƙaryaci. Amma uzurin "zama na yi kusa da masu busawa" ba ya cika tsayawa: a fili ko a ɗaki mai iska hayaƙin wani ba ya kai mutum iyakar 50.

Sai waɗanda katin ke yi wa ƙazafi, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin a kansa ake fasa aure ko a kori ɗalibi. Sinadarin da ke kan takardar siffa yake bi, duk abin da ya yi kama da abin nemansa zai iya cafkewa. Rifampicin na masu tarin fuka, da ofloxacin da levofloxacin da ake rubutawa barkatai da sunan taifot, suna iya tayar da OPI. Maganin mura mai pseudoephedrine, da promethazine, da labetalol da ake ba masu juna biyu don hawan jini, suna iya tayar da AMP. Efavirenz, wanda aka daɗe ana ba masu cutar ƙanjamau kafin a koma dolutegravir, an san shi da tayar da THC da BZO. Sertraline na masu ciwon damuwa yakan taɓa BZO, dextromethorphan da ke cikin maganin tari marar kodin kuma yakan taɓa PCP. Akwai kuma wanda katin ya faɗi gaskiya a kansa amma ba mai laifi ba ne: mai sikila da aka sallamo daga asibiti da kodin ko tiramol, mai farfaɗiya da ke kan phenobarbitone wanda dole BAR, gidan dangin wannan maganin, ya nuna, wadda aka yi wa tiyata makon jiya. Shi ya sa tambayar "wane magani kike sha a 'yan kwanakin nan?" take zuwa kafin a yaga leda, a rubuta amsar, a ga kwalayen da ido. Takardar da ke cikin kowane kwali ta faɗa ƙarara cewa sakamakon na share fage ne, sai an tabbatar da shi a ɗakin gwaji da na'urar GC-MS ko makamanciyarta. Kusan ba mai karanta wannan layin. Idan za a tura, a raba fitsarin gida biyu tun farko, a rufe rabi a rubuta suna da rana a gaban mai shi, a sa a firji. Yana yin awa 48 a haka, in zai wuce sai a daskarar.

Tsakanin kofi da kati, kofi ya fi, duk da ya fi tsada. Ba a juye fitsari daga wani mazubi zuwa wani, murfinsa yana rufuwa gam, kuma a jikinsa akwai ma'aunin zafi. Fitsarin da ya fito daga jiki yanzu yana tsakanin digiri 32 da 38 idan aka duba cikin minti 4, wanda aka shigo da shi daga waje ba ya cika faɗawa nan. Masu kyau daga ciki suna da ƙarin tsinke mai nuna ko an sirka: idan creatinine, sinadarin da ƙoda ke fitarwa a fitsari, ya gaza 20, ko nauyin fitsarin ya yi ƙasa da 1.003, ruwa ya yi yawa, sai a sake gwajin washegari da safe. Wannan ba hujjar maguɗi ba ce ita kaɗai, mai shan ruwa da yawa a lokacin zafi ma yakan fito haka. Mace kuma mace ce za ta raka ta, ba a wasa da wannan.

Wanda zai saya don gida ko makaranta a Arewa, kada yawan gidaje ya ruɗe shi. Kofi mai gida shida da ke da THC, TRA, MOP, BZO, MET (na ais) da COC ya fi mai sha biyun da ba TRA. In ba a samu ba, a sayi mai biyar a haɗa da tsinken TRA guda-guda, sun fi araha ma. Kuma a sayi biyu, domin idan ɗaya ya nuna abu za a so a maimaita da na wani kamfanin.

Abin da katin ba ya faɗa shi ne me za a yi bayan layi ɗaya. Bai san ko jiya aka fara ba ko shekara biyar ke nan, bai san ko jiki ya riga ya kamu ba. Wannan bambancin yana da haɗari. Mai tiramol ko kodin da aka yanke wa lokaci guda zai shiga hamma da gumi da gudawa da ciwon ƙashi da rashin barci cikin yini guda, ya tsananta a kwana na biyu da na uku, ya fara sauƙi wajen mako. Wahala ce, amma ta diyazefam da Rochi ta fi muni: yanke su farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha yana kawo jijjiga da ruɗewa, har da mutuwa. A hankali ake rage su, a hannun likita. Kulle yaro a ɗaki ko kai shi gidan mari ba ya cikin magani, kuma abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa shaida. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da sashen masu taɓin hankali na Asibitin Malam Aminu Kano, duk suna karɓar masu wannan larura. NDLEA ma tana da layin kyauta na dare da rana, 0800 1020 3040, wanda masu ba da shawara ke ɗauka.

Akwai kuma halin da katin ba shi da wani aiki a ciki. Idan aka tarar da mutum a kwance ba ya tashi ko an girgiza shi, numfashinsa yana ja yana tsayawa ko yana minshari mai ƙarfi, leɓensa ya yi duhu, baƙin idonsa ya tsuke, ba lokacin neman fitsari ba ne. A kwantar da shi a gefe guda don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin yake tafiya. A kwashi duk kwalba da katin ƙwayar da aka gani kusa da shi a tafi da su asibiti, a gaya wa likita sunan abin ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Allurar naloxone tana dawo da numfashin mai kodin cikin 'yan mintuna, tana taimaka wa mai tiramol ma, amma ƙarfinta kan ƙare cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi alhali ƙwayar tana nan a jiki, don haka ko ya farka ya ce a tafi gida, a bar shi a gadon har likita ya sallame shi.